Malam Armaya'u Runka da Jarrabawar Ƙwaryar Ruwa

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Armaya'u a garin Runka ta ƙasar Safana cikin daminar shekarar 1908, 'yan shekaru kaɗan bayan Turawa sun kafa mulkinsu a ƙasar Katsina. Mahaifinsa Barau mahauci ne da ke cin kasuwannin yankin, mutum mai ƙarancin magana da yawan abokan ciniki. Mahaifiyarsa kuwa, Iyatu, 'yar manoma ce daga Karare ta ƙasar Batsari. Shi ne na uku a ɗakinta, kuma shi ne namiji na farko da Allah ya raya mata.

Neman Ilimi

Yana da shekara shida aka sa shi a makarantar allo ta limamin unguwarsu, inda ya yi karatu har ya kusa sauka. Limamin nan yana da wata al'ada da ɗalibansa suka daɗe suna ba da labarinta. Hadda da kunne yake karɓarta, rubutun allo da ido, amma idan aka zo babin tsarki ba ya yarda yaro ya lissafo masa farillan alwala da baki kawai, sai ya tura masa buta gabansa, ya koma gefe ya zuba ido. Yara da dama da suka iya jero farillan nan tiryan-tiryan sun sha kunya a gaban butar, har da Armaya'u, wanda aka ce ya taɓa mance shafar kai jim kaɗan bayan ya ambace ta da babbar murya. A lokacin bai ɗauki abin da wani muhimmanci ba, gani yake tsohon ya cika tsanani kawai.

A shekarar 1919 umarni ya zo daga birni cewa a tura yara makarantar boko. Masu hali suka ɓoye nasu, abin ya faɗa kan ɗan mahauci. Barau ya kai wa ɗan aiken da ya zo ɗaukar yara gaisuwar cinyar rago, aka karɓi cinya da godiya, aka kuma tafi da yaro. A birnin Katsina Armaya'u ya nuna hazaƙa, musamman wajen riƙe abu da ka, domin duk abin da aka karanta masa sau biyu ya zauna ke nan. Bayan ya kammala aka zaɓe shi cikin waɗanda za a ba horon koyarwa, ya fito da shaidar malanta a ƙarshen 1928.

Fara Aiki

A watan Janairun 1929 aka tura shi ya buɗe makarantar elementare a Tafkin Jinjiri, wani ƙauye da ke tsakanin Safana da Tsaskiya, wanda ya samo sunansa daga babban tafkin da mutane da dabbobi suke sha tun daga faɗuwar ruwa har zuwa tsakiyar rani. Ɗaki ɗaya ne na jar ƙasa da rumfar kara a gefensa, sai 'yar gonar makaranta a baya. Shi kaɗai yake koyar da karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da aikin gona da kiwon lafiya.

Cikin 'yan shekaru sunansa ya kai birni. Ya tsara kowane darasi tambaya da amsa, yana jefawa yara suna amsawa baki ɗaya, har mata masu komowa daga ɗiban ruwa sukan tsaya a bayan danga su saurara. Wanda ya fi tashe shi ne darasin kurkunu, tsutsar nan mai kama da farin zare da ke fitowa a ƙafa da damina, ta kwantar da majiyin ƙarfi daidai lokacin da gona ta fi bukatarsa. Malam zai tambaya ina kurkunu yake, aji ya amsa cewa yana cikin ruwan tafki. Ya tambaya yaya ake tsira, su ce a tace ruwa da ƙyalle ko a tafasa. Ranar jarrabawa su rubuta wannan amsa ba kuskuren ko harafi ɗaya, a jera maki a aika birni, yabo ya dawo. Malam Armaya'u ya yi farin ciki da wannan yabo, kuma a wancan lokaci babu wanda zai ce bai cancance shi ba.

Aure da Iyali

A shekarar 1930 ya auri Hansai, 'yar wani gidan noma a Tsaskiya. Da yake mahaifinta ya riga ya rasu, yayanta Ɗanjummai ne ya ba da aurenta, shi ne kuma babba a gidan, mutum mai kwarjini wanda ba a musa masa magana. A 1931 aka haifa musu ɗan fari, aka raɗa masa Usmanu, ana kiransa Mani. Bisa al'adar kunyar ɗan fari, uwa da uba ba sa kama sunansa, ba sa kuma nuna damuwa da shi a gaban jama'a. Malam «yaron nan» yake ce masa, ko a gida ko a aji. Saboda wannan kunya ne ma Mani yake yin kusan kowane hutun damina a gidan kawunsa Ɗanjummai, yana taya shi noma. Bayan Mani aka samu Saude da Ramatu da Barau ƙarami, daga baya kuma Hauwa'u.

Shekarar Kurkunu

A jarrabawar 1941 Mani ya zo na ɗaya a kiwon lafiya, bai faɗi ko tambaya guda ba, kuma kowa ya sa ran zai wuce Makarantar Midil ta Katsina. Da ruwa ya sauka a 1942 wani ƙurji ya taso masa a gefen gwiwar dama, ya fashe, kan tsutsa ya leƙo. Aka shiga naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kamar yadda aka saba, sai ta tsinke a ciki. Gwiwa ta kumbura, aka yi sakiya da jan ƙarfe, yaro ya kwanta har kaka ta wuce, kuma da ya tashi ƙafar ba ta sake lanƙwasuwa ba. Tafiya Midil ta sha ruwa a wannan shekara.

Waɗanda suka san gidan sun ce Hansai ba ta yi kuka a gaban kowa ba, domin al'ada ta hana. Magana ɗaya kawai ta yi wa mijinta, ranar da aka yi sakiya, tana ajiye masa tuwo ba tare da ta ɗago kai ba: «To Malam, ga shi dai ya zo na ɗaya.» Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai taɓa ɓoye cewa ta yi masa ba.

Tun da kunya ba ta bar shi ya tambayi yaron a matsayin uba ba, sai ya tambaye shi a matsayin malami. Ya zauna a bakin ɗakin da yake kwance ya ce masa ina kurkunu yake, Mani ya amsa daidai. Ya ce yaya ake tsira, ya amsa daidai. Sa'an nan ya ce to me ya sa ya sha ruwan tafki bara a gonar Tsaskiya bai tace ba. Yaron ya ce: «Malam, Kawu ne ya ɗebo ya miƙo mini da hannunsa. Yaya zan fito da ƙyalle a gabansa, kamar na ce ruwansa da datti?»

Nan Malam Armaya'u ya gane cewa ba jahilci ne ya kayar da ɗansa ba, ladabi ne, irin ladabin da shi da kansa yake dukan yara a kansa. Ya shekara goma sha uku yana auna ko yaro ya iya faɗin yadda ake tsira daga kurkunu, alhali abin da ake so shi ne yaron ya tsira. A nan ne kuma butar tsohon limamin Runka ta faɗo masa a rai.

Sauya Salon Jarrabawa

Daga farkon 1943 ya kafa wa kansa ƙa'ida: kafin ya koyar da kowane darasi sai ya fara tantance abin da yake so yaro ya iya idan an gama, sa'an nan ya zaɓi irin gwajin da zai nuna hakan. Abin da ake so a riƙe da ka, kamar sunayen garuruwa da koguna, ya bar shi a tambayar baki. Rubutu ya bar shi ga alƙalami. Karatu kuwa ya daina gwada shi da littafin aji, domin ya lura akwai masu karanta shafi sumul idonsu na kallon rufin ɗaki, sai ya riƙa rubuta sabon zance a allo da safiyar jarrabawa. Lissafin faɗi da tsawo ya fitar da shi gona, a ba yaro igiya ya auna. Aikin gona kuma aka ba kowa kunyarsa ta shuka a gonar makaranta, makinsa yana jiran kaka.

Kiwon lafiya ne ya fi ba shi wahala. Da farko ya sa kowane yaro ya kalmashe ɗan ƙyallen akoko a darasin aikin hannu ya riƙa yawo da shi a aljihu, ya kuma gwada su tacewa ɗaya bayan ɗaya har hannunsu ya faɗa. Wata rana bayan sun sha noma a gonar makaranta cikin rana tsaka, ya sa aka ajiye tulu a gindin bishiya aka ce ruwan tafki ne, alhali Hansai ce ta tafasa shi ta zuba ɗan ƙaiƙayi don ya yi kama. Mafi yawansu suka tace, ya ji daɗi. Amma ya san wannan ba shi ne ramin da ɗansa ya faɗa ba, domin tulu ba ya da furfura, babu mai jin nauyinsa.

Saboda haka ya koya musu lafazin da zai fid da su kunya. Idan babba ya miƙo ruwa, yaro ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, sa'an nan ya ce: «A yi mini izini in tace, umarnin Malam ne.» Ta haka laifin ya tashi daga kan yaro ya koma kan Malam, shi kuwa ya ce kansa zai ɗauka. Abin da ya rage shi ne dattijon da zai miƙa ƙwarya ranar gwaji, kuma a ganinsa babu wanda ya dace kamar Ɗanjummai.

Ba ya iya tunkarar yayan matarsa da irin wannan magana kai tsaye, sai ya bi ta hannun limamin Tafkin Jinjiri. Ɗanjummai ya fusata. Ya ce kurkunu a jikin ɗan Adam yake tun haihuwa, lokacinsa ne kawai ke yi ya fito, kuma ruwan da ubansa ya sha ya tsufa ba wani ɗan boko da zai aibata shi. Ya ɗauke ƙafa daga gidan ƙanwarsa har aka yi girbi. Ranar da ya dawo ya tarar da Mani yana jan ƙafa zuwa masallaci, yana dogara sandar da aka sassaƙa masa, ya kuma ga yadda yaron ya yi ƙoƙarin durƙusawa ya gaishe shi ya kasa. Bai shiga gidan ba, ya wuce wurin liman ya ce: «Ka gaya wa Malam ni har yanzu ban yarda ba. Amma in hannuna ne ya jawo, to ga hannun, a yi aiki da shi.»

A gwajin farko, cikin watan Yulin 1944, Ɗanjummai ya tsaya a bakin gona da rawaninsa yana miƙa ƙwarya, yana haɗe fuska yadda ya iya. Fiye da rabin ajin suka karɓa suka kafa kai, har da waɗanda ƙyallensu ke leƙowa daga aljihu. Malam ya kayar da su duka a wannan fanni. Daga nan ya daina sa rana, ya roƙi liman da sarkin noma da wasu tsofaffin mata su riƙa miƙa wa 'yan makaranta ruwa a duk inda suka gamu, su kawo masa labari. Dattawan da suka fara da ƙorafi suka koma jin daɗin aikin, har wasu suka wuce gona da iri, suna tare yara a hanya da moɗa ko ba ƙishirwa.

Saɓani da Malamin Ziyara

A ƙarshen wannan shekara Malam Gagare, malamin ziyara mai zagaya makarantun yammacin Katsina, ya zo duba sakamako. Mutum ne mai ilimi da son tsari, kuma shi ne ya fi kowa yabon Malam Armaya'u a baya. Ya tarar an kayar da yaran da amsarsu ta rubutu ba ta da aibi, an kuma ɗaga wasu da rubutunsu sai a hankali. Ya kawo hujjoji masu nauyi: cewa maki na shaidar tsofaffin ƙauye ba a iya kwatanta shi da na sauran makarantu, cewa tsoho na iya fifita jikansa, kuma cewa hukuma takarda ta sani. Malam Armaya'u ya amince da batun son kai, ya ce daga yanzu ba zai karɓi shaidar dangin yaro ba, kuma sai shaidu biyu sun dace. Ya yarda ya ci gaba da jarrabawar rubutu yana aika makinta dabam. Amma ya ƙi ya rubuta cewa yaro ya ci kiwon lafiya alhali ya gan shi ya sha ruwa bai tace ba. Abin da ya faɗa, kamar yadda liman ya riwaito, shi ne: «Ranka ya daɗe, wanda ya fi kowa maki a wannan darasi yana gidana. In kana so a kira shi, sai dai ka ɗan yi haƙuri, ba ya sauri.»

Malam Gagare bai ce a kira shi ba, amma ya rubuta rahoton da ya ga shi ne gaskiya, aka dakatar da ƙarin girman Malam Armaya'u shekara uku. Malam Armaya'u bai ɗaukaka ƙara ba, bai kuma sauya komai ba. Yakan ce sakamakon wannan jarrabawa ba a ranar yake fitowa ba, sai damina ta zagayo a ga wanda ya zo aji da ƙafarsa. Kurkunu bai ƙare a Tafkin Jinjiri ba, domin manya da yawa sun ci gaba da shan ruwansu yadda suka gada. Amma daga 1946 aka fara lura cewa a watannin da rabin aji kan kwanta, yanzu ɗaya ne ko biyu ke fashi, kuma iyaye, waɗanda ba ruwansu da maki, sun ga 'ya'yansu a gona lokacin noman farko da maimai.

Komawa Karare da Shekarun Ƙarshe

A 1948 aka mayar da shi ƙasar Batsari ya shugabanci wata makaranta mai aji huɗu kusa da Karare, garin kakanninsa na wajen uwa. Da ya isa, kafin ya nemi gidan zama sai da ya nemi dattawan da za su riƙe masa ƙwarya. A 1952 Malam Gagare da kansa ya gayyace shi birni ya yi wa sababbin malamai bayani a wani kwas na hutu. Bai ce ya yi kuskure a baya ba, shi ma Malam Armaya'u bai nemi ya ce ba, suka ci gaba da mutunta juna har ƙarshe. A wurin kwas ɗin ya shawarci malamai da kada su raina jarrabawar takarda, domin tana da inda ta fi kowace, sai dai kada a aike ta inda ba ta iya zuwa.

Da aka buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci ya karɓi na manya da yamma, inda ya ƙi ba kowa shaida sai ya karanta abin da bai taɓa gani ba, lamarin da ya sa wasu magidanta suka yi fushi suka dawo. Mani kuwa ya samu shiga Midil a makare, ya yi horon malanta, aka turo shi ƙarƙashin mahaifinsa a 1954. Har a lokacin «yaron nan» yake ce masa, sai dai an lura cewa idan za su masallaci Malam yakan rage sauri ya ce gwiwoyinsa ne suka fara tsufa.

Rasuwa da Jana'iza

Ciwon ƙirji ya kama shi a bazarar 1958, ya yi jinya a gida, Allah ya karɓi ransa ranar wata Alhamis cikin watan Agusta, yana da shekara hamsin. Aka yi masa salla a Karare bayan azahar. Tsofaffin ɗalibansa daga Tafkin Jinjiri da Tsaskiya da Runka suka zo a ƙafa cikin taɓo, suka riƙa karɓar makara hannu da hannu har maƙabarta, wadda ke da 'yar tazara daga gari. Mani ne ya iso a ƙarshe.

Bayan an rufe kabari an yi addu'a, rana ta buɗe da zafi, aka kawo tulun ruwa daga wani kududdufi da ke kusa. Ɗanjummai, wanda a lokacin tsufa ya kama shi, ya karɓi ƙwarya ya cika, ya ratsa jama'a ya miƙa wa Mani. Mani ba ya iya durƙusawa, sai ya jingina sandarsa a ƙirji, ya sunkuya iyakar iyawarsa, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Sa'an nan ya ce: «Kawu, a yi mini izini in tace, umarnin Malam ne.» Tsohon ya dube shi, ya dubi sabuwar ƙasar da ke gefensu, hawaye ya zubo masa a gaban mutane, ya ce: «Tace, Usmanu. Da ma a ce tun wancan karon ka faɗa mini haka.» Waɗanda suka halarta sun ce da aka waiwaya, sai ga ƙyallaye suna fitowa daga aljihunan mutane ta ko'ina.

Allah ya jiƙan Malam Armaya'u, ya kai haske kabarinsa, ya sa abin da ya koyar ya zama mai ceto a gare shi. Ya rasu ya bar matarsa Hansai da 'ya'ya biyar: Malam Mani, wanda ya gaje shi a makaranta, Saude, da ke aure a Batsari, Ramatu, da ke aure a Tsaskiya, Barau, manomi a Karare, da autarsu Hauwa'u, wadda take aji uku lokacin rasuwarsa. A cikinsu duka, da jikokin da suka biyo baya, Mani kaɗai ne yake dogara sanda.